Babi Mai Kalma Ɗari Takwas

Shafi na 23

Masu cika min akwatin saƙo da "ƙaro mana, ƙaro mana", ga shi nan. Wannan ba na karantawa a tsaye ba ne. Ku nemi wuri ku zauna.

*

"Sake ƙirgawa," in ji Aslaug.

"Ba ni nake ƙirgawa ba, Yaya. Dandalin ne yake ƙirgawa da kansa. Ga lambar nan a saman babin."

Ta fizge wayar daga hannuna, ta ɗaga tabarau zuwa goshi, ta sake sauke shi. Aslaug yayata ce, ta girme ni da shekara tara, ta yi aikin jinya shekara talatin kafin ta ajiye. Kicin ɗinta na nufa kai tsaye da na ajiye bas a tasha da ƙarfe sha ɗaya, ko rigar aiki ban cire ba. Na ce wa shugabanmu cikina ne ya juya. Ban yi masa ƙarya sosai ba.

"Ɗari takwas da goma sha biyu," ta karanta. "To sai me? Saboda wannan ka baro mutanen Bergen a cikin ruwan sama suna jiran mota?"

"Gunvor ba ta taɓa buga babin da bai kai kalma dubu biyar ba. Babi arba'in, ko sau ɗaya."

"Sai ta gaji. Mutum ce. Zauna ka ci burodi, Eilif, fuskarka kamar ta mataccen kifi."

Ban zauna ba.

Mu dai mutane ne da wani tsohon shirin talabijin ya ƙi sakinmu. Shirin masu gadin fitilar teku, wanda aka yanke a zango na uku kafin kyaftin ɗin jirgin kaya ya faɗa wa mai gadin fitilar abin da ke ransa. Masu shirin sun manta da su, mu muka ɗauke su muna rubuta musu sauran rayuwa a wani dandali, kyauta, kowa da sunan aro. A cikinmu babu kamar Gunvor. Ni ne mai duba mata. Ta turo min babi, in tace, in yi mita, ita kuma ta buga da safiyar Alhamis.

Wannan babin bai biyo ta hannuna ba.

"Akwai abin da ban faɗa miki ba," na ce.

"Kullum akwai."

"Kin tuna taron da muka yi a ɗakin karatu a watan Afrilu? Ranar da na fara ganinta ido da ido?"

"Ranar da ka aske gemu. Na tuna."

"Ɗakin da zafi, kowa ya cire rigar sanyi, ita ta ja hannun rigarta har kan yatsu. Da aka watse sai ta tsayar da ni wajen tukunyar kofi. Ba ta kalle ni ba, cokali kawai take juyawa. Ta ce mijinta, Ottar, yana duba wayarta. Yana karanta duk saƙon da ta rubuta. Ta ce kalma kowa na iya karantawa, amma lamba ba mai kula da ita."

Aslaug ta ajiye wuƙar cuku.

"Ta ce, Eilif, duk ranar da ka ga babina bai kai kalma dubu ba, kada ka kira ni. Kada ka rubuto min. Ka turo 'yan sanda."

Aslaug ta kalli agogon bango.

"Yaushe babin ya fito?"

"Ƙarfe takwas."

"Yanzu sha biyu saura! Kai wane irin mutum ne? Me kake jira?"

"Saboda ban sani ba ko shi ne!"

"Ko mene ne?"

"Ko alamar ce, ko shawarata ce ta bi."

Ta zuba min ido. Na san kallon. Da shi take kallon majinyacin da ya ɓoye sigari a ƙarƙashin matashi.

Dole na faɗa. Wata uku ke nan ina rigima da Gunvor a kan tsawon babi. Ni direban bas ne, ina ɗan shekara sha shida na bar makaranta, abin da na sani game da masu karatu a madubin mota na koye shi. Ina ganinsu kowace safiya, kai a sunkuye kan waya. Daga asibiti zuwa tsakiyar gari minti bakwai ne. In babi ya fi haka, sai in ga mutum ya ɗago a tashar saukarsa da fuskar wanda aka tashe shi daga mafarki, ya tura wayar aljihu, kuma na san ba lallai ya koma ba. Na yi ta ce mata ta raba babinta gida biyu. Ita kuma ta ce babi ba tikitin bas ba ne, yana ƙarewa ne inda numfashin mutanen ciki ya ƙare. Na kawo hujja, ta kawo hujja. Ina jin daɗin rigimar, in faɗi gaskiya. Ban taɓa samun wanda ya ɗauki tunanina da muhimmanci har ya yi faɗa da shi ba.

Mako uku da suka wuce ta rubuto: To malamin babi, ka yi nasara. Wata rana zan yi maka gajere in huta da bakinka.

"Tsaya," in ji Aslaug. "Kai da ka san abin da gajere yake nufi a wurin matar nan, ka zauna wata uku kana roƙonta ta rubuta gajere?"

"Dubu biyu nake nufi. Dubu biyu da rabi. Ban taɓa nufin ƙasa da dubu ba."

"Ka taɓa faɗa mata lambar?"

Na kawar da kai.

"Eilif."

"Ban faɗa ba."

"Allah ya shirye ka. Ka karanta littafi ya fi ɗari kan gaskiya da adalci, amma ka toshe wa mace ƙofa ɗaya da ta rage mata don ka ci gardama."

"Na sani."

"To kira su. Ko da kuskure ne."

"In kuskure ne ita za ta biya. Bara maƙwabciyarsu ta kira. Suka zo, Gunvor ta ce tukunya ce ta faɗi, suka tafi. Mako biyar ba ta buga komai ba. Da ta dawo ta ce min da hannu ɗaya take rubutu, wai ta zame a kan ƙanƙara. A watan Yuni, Yaya, lokacin da babu ƙanƙara ko kaɗan."

Tun ƙarfe tara nake juya abin a kaina ina tuƙi. In na kira kuma ba komai, na tona mata asiri da kaina. In ban kira ba kuma da komai, na bar ta. Duk ɓangaren da na dafa sai in ji jini a kansa.

Aslaug ta goga yatsa a kan wayar don ta sake ganin babin. Sai ta saki numfashi, har da 'yar dariya.

"Kai matsoraci. Duba nan."

Na duba.

Babi na arba'in da ɗaya. Kalma dubu biyar da ɗari uku da arba'in. An gyara minti shida da suka wuce.

"Ka gani? Rabinsa ne ya maƙale, ta lura, ta ƙarasa. Ka kusa tara wa baiwar Allah 'yan sanda a ƙofa saboda intanet ya yi tari. Zauna ka ci burodin nan."

Na zauna. Na fara karantawa. Kalmomi ɗari takwas na farko suna nan yadda suke: kyaftin a bakin tsauni, hazo ya rufe fitila. Daga nan sai aka ja layi. Sai ga kyaftin a cikin jirgi, yana dafa miyar kifi, karensa Rusk yana haushi yana lasar masa hannu.

Na ajiye burodin.

"Mene ne kuma?"

"Karen."

"Wane kare?"

"Rusk ya mutu a babi na talatin. Ya nutse. Gunvor ta yi kwana biyu tana kuka da ta rubuta wurin, masu karatu suka yi mata zanga-zanga. Ga shi nan yana haushi."

"Ta manta."

"Za ta manta sunanta kafin ta manta karen nan. Na san wannan ɓangaren, Yaya. Tsohon rubutu ne da muka jefar tun bazara, ni na ce mata ba ya tafiya. Yana cikin kwamfutarta, a wurin da take tara abin da ba ta so. Wani ne ya buɗe, ya kwaso, ya liƙa a ƙasa don lambar ta cika."

A ƙasan babin sharhi ya fara taruwa. Wata ta rubuta: Rusk ya dawo?? Mafarki ne? Wani ya ce: Yau kam salon ya bambanta, lafiya kuwa?

Aslaug ta cire tabarau gaba ɗaya.

"In shi ne ya cika lambar, to ya san ma'anar lambar. Ka ce da baki ta faɗa maka. Ta yaya ya sani?"

Na kalli tebur.

"Eilif. Kalle ni. Ta yaya ya sani?"

"Ƙarfe tara da minti biyar, ina hutu a ƙarshen layi. Na kasa haƙuri. Na aika mata imel."

"Ta ce kada ka rubuto."

"Layi ɗaya ne."

"Karanta min."

Ba sai na buɗe ba, na haddace shi. "Gunvor, ɗari takwas? Shawarata ce, ko waccan maganar ce?"

Yayata ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da ya fi sauƙi. Miƙewa ta yi, ta kashe murhu, ta ɗauki makullin mota.

"Ɗauko rigar ruwanka. Jirgin fito zuwa tsibirinsu na ƙarfe ɗaya da kwata ne."

*

A hanya ta kira 'yan sanda, muryarta irin ta ɗakin tiyata, ba kwana-kwana. Matar da ta ɗauka ta saurara har ƙarshe, ta yi tambayoyi, ta ce za a tura mota. Sai dai babu ɗan sanda a tsibirin, kuma motar da ta fi kusa ba za ta riski jirginmu ba, sai na bayansa. Zai sauka uku saura minti goma.

"Ta ce kada mu shiga gidan," in ji Aslaug, bayan mun hau jirgi an kashe inji. Ruwa na dukan gilashin mota. "Ka ji ko? Mu tsaya wajen kanti mu jira."

"Mu za mu sauka biyu saura minti biyar. Kusan awa guda ke nan."

"Na iya lissafi."

"Mutumin da ya cika babi don kada a zo, lokaci yake saye. Yana da abin da yake son gamawa."

"Kai kuma me za ka yi masa? Ka buge shi da jadawalin bas?"

"Zan zaunar da shi. In dai yana zaune yana magana da ni, ba ya wani wuri yana wani abu."

"Kai? Kai da ko a jana'izar Baba jawabinka bai kai minti ɗaya ba?"

"Yau zan koyi tsawaitawa."

Ta juya ta kalli teku. Can ta ce, "In ka mutu zan kashe ka."

Na bar ta a mota gaban kantin tsibirin, wayarta a cinya. Na ɗauki laimarta mai ɗigo-ɗigo, na hau gangaren a ƙafa. Gidan ja ne, shi kaɗai a ƙarshen hanya. A ƙasansa, daf da ruwa, akwai rumfar jirgi mai 'yar taga guda. Na san rumfar ko da ban taɓa ganinta ba. A can Gunvor take ɓuya ta yi rubutu idan yana gida, da wata tsohuwar ƙaramar na'ura da ba ta kiran waya, wadda take ɓoyewa a ƙarƙashin tarun kifi. Ta ce sai ta manna ta a taga take kama intanet.

Ban bari idona ya daɗe a kanta ba.

Kafin in ƙwanƙwasa aka buɗe ƙofa.

Na zata zan ga dodo. Mutum ne mai faɗin kafaɗa da taushin murya, da rigar ulu da aka saƙa da hannu. Irin wanda ke gyara wa tsofaffin maƙwabta rufi ba tare da sun roƙa ba.

"Sannu," na ce. "Daga ɗakin karatu nake. Gunvor ta manta laimarta, na ga ina wucewa ta nan."

"Wucewa? Ta tsibiri?" Ya yi murmushi. "Shigo, Layi Shida. Kofi na kan wuta."

Layi Shida sunana ne a dandali. Ban da Gunvor ba wanda ya san fuskar mai sunan.

Na sunkuya zan cire takalma kamar yadda kowa ke yi a bakin ƙofa. A jere suke a kan tabarmar roba: manyan takalmansa, sai takalman ruwa kore ƙanana, sai na yawo, sai na fita unguwa. Rigar ruwanta ja tana rataye a ƙusa.

"Tana ciki?"

"Ta tafi wurin innarta a kan dutse. Can waya ba ta shiga."

"A wannan ruwan?"

"Matata ba ta tsoron ruwa."

Ban tambaye shi da wane takalmi ta tafi ba.

A kan teburin kicin kwamfutarta na buɗe. Na gane ta da hoton fitilar teku da ta manna a baya. Ya ja min kujerar da ke fuskantar ƙofa, shi ya tsaya jingine da bango kusa da ƙofar kicin, wadda aka tura ta har ta kusa taɓa bango. Agogon murhu ya nuna biyu da minti sha biyu.

Saura minti talatin da takwas jirgin 'yan sanda ya sauka.

"Madara?"

"A'a, baƙi."

"Na sani. Ka faɗa mata a watan Mayu. Baƙi, ba sukari, saboda ciwon sukarin mahaifinku." Ya zuba min. "Na karanta ku duka yau da safe. Ban san matata na da surutu haka ba. A gidan nan sai ta yini ba ta ce uffan ba."

Na jawo kofin gabana.

"Ta bar min aiki kafin ta tafi," ya ce. "Wai rabin babin ya maƙale, in tura mata sauran. Na yi ƙoƙari ko? Dubu biyar da ɗari uku da arba'in. Kai ne gwani, ba ni maki."

"Karen ya mutu."

"Wane?"

"Karen kyaftin. Tun babi na talatin."

Ya kalle ni. Sai ya fashe da dariya, dariya ta gaske, har da dafa ciki.

"Af! Ashe ya mutu? Allah sarki. Ka ga illar rashin karatu. Ni lambar kawai na duba." Ya share ido. "Ai kai ka koya min duba lamba, direba. Shekara biyu ina karanta wayar matar nan, ban taɓa kallon lamba ba. Sai ga saƙonka. Shawarata ce, ko waccan maganar ce. Na ce oho, ashe akwai wata magana. Na tambaye ta. Da farko ba ta tuna ba."

Ya kurɓi kofi.

"Daga baya ta tuna."

Ni ma na kurɓi kofi mai zafi. Biyu da minti sha tara.

"Har rajista na yi a dandalin naku," ya ce, ya taɓa aljihun wando. "Na danna wurin bibiya. Yanzu duk abin da ta buga wayata za ta yi ƙara. Miji ya kamata ya goyi bayan matarsa, ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"To ba ni shawara, tunda ka zo. Labarin nan ya isa haka. Ya cinye min mata. Ina so a rufe shi yau, a yi wa masu karatu sallama, kada kowa ya ƙara tambayar inda take. Babi na ƙarshe, dogo ya kamata ya zama ko gajere?"

Duk rayuwata amsata ɗaya ce. Na buɗe baki na ƙaryata kaina.

"Dogo," na ce. "Dogo sosai. Bari in yi maka bayani, abin yana da matakai."

"Ina ji."

Na fara. Na ce masa babi na tsakiya da babi na ƙarshe ba aikinsu ɗaya ba. Na tsakiya yana barin ƙofa a buɗe don a dawo, na ƙarshe kuwa sai ya zagaya gidan duka yana rufe tagogi ɗaya bayan ɗaya. Na ce masu karatun Gunvor sun saba da dubu biyar, jikinsu ya san nauyin, in ka ba su ƙasa da haka za su ji an cuce su, su yi ta tambaya. Na ce akwai mutum goma sha ɗaya a labarin da kowa ke jiran makomarsa, na fara lissafo su da sunaye, har da mai sayar da man fitila da ya fito sau ɗaya a babi na shida. Na kawo maganar Gunvor ta numfashi, na ce ita ce da gaskiya, ni ne ban gane ba. Da na faɗi haka sai muryata ta karye, domin a nan ne kaɗai ba dabara nake yi ba.

Biyu da minti talatin da huɗu.

Na koma kan inda ake yanke babi. Na yi maganar masu karatu a bas, da masu karatu a gado, da waɗanda ke tara babi goma su karanta ranar Lahadi. Bakina ya bushe. Ina jin kaina ina maimaita abin da na riga na faɗa, irin cikon da nake ja wa Gunvor jan layi a ƙarƙashinsa.

Shi ma ya ji.

"Direba."

Na tsaya.

"A saƙonninka cewa kake duk jimlar da ba ta aiki a yanke ta. Yau ga ka kana zuba kamar famfon da ya lalace." Ya ajiye kofinsa a hankali. Ya leƙa taga. Daga nan ana hango mashigar jirgi, da wani farin ɗigo can nesa a cikin hazo. "Wa kake jira?"

"Ba kowa."

"Motar wa ce a gaban kanti? Mai shuɗi. Ba ta tsibirin nan ba ce."

"Ban sani ba."

"Laimar nan ma ba ta matata ba ce. Ni nake saya mata komai."

Biyu da minti arba'in da ɗaya. Ko jirgin ya sauka a kan lokaci, sai sun hau gangare.

Wayata ta yi ƙara a aljihun riga.

Ba ƙarar kira ba ce. 'Yar ƙararrawar nan ce guda biyu, ta dandali, wadda nake jira kowace Alhamis shekara biyu.

"Duba mana," in ji Ottar. "Kada ka ji kunyata."

Kwamfutar na gabana a buɗe, ba wanda ya taɓa ta. Hannayensa biyu ina ganinsu. Na zaro wayar, na riƙe ta ƙasa da bakin tebur.

Sabon babi. Na arba'in da biyu. Kalma goma sha ɗaya.

Ina rumfar jirgi. Ya kulle ni. Bindigarsa tana bayan ƙofar kicin.

Tana da rai. Ta hango ni ta 'yar tagar. Ta guji imel don ta san kwamfutarta na kan tebur a gabansa, ta bi ta hanyar da take ganin ni kaɗai za ta fara isa.

Ba ta san ya yi rajista ba.

Na ɗago kai. Kafaɗarsa na jingine da gefen ƙofar. Tsakanina da shi tebur ne da tukunyar kofi.

"Labari mai daɗi?" ya tambaya.

Kafin in amsa, ƙararrawa biyu ta kaɗa a aljihun wandonsa.

Ya kalle ni. Ya kalli aljihun.

Ya sa hannu.